Tsuntsun Da Ya Koma Agwagwa

Hausawa na cewa suna linzami ne. Da shi ake kiran mutum ya waiwayo, da shi ake raba masa gado, kuma shi ne kyautar farko da iyaye ke yi wa ɗansu wadda za ta raka shi har kabari. Amma akwai ƙasar da na'ura kan dubi mutum ta ce ba ta san sunansa ba, saboda haka ya je ya nemo wani. Karatu ne ya kai ni wannan ƙasa. Shekara biyar na yi a birnin Xi'an na lardin Shaanxi a ƙasar Sin, ɗaya ina koyon harshe, huɗu ina neman digiri a kimiyyar kwamfuta. Cikin duk abin da na dawo da shi gida, babu wanda ya zauna mini a rai kamar wata matsala da mai kallo daga nesa zai ɗauka ta masu gyaran na'ura ce kawai, wato yadda ake buga harafin Sinanci wanda ba a cika amfani da shi ba.

Kafin a gane girman lamarin sai an san yadda rubutun yake. Mu da muka tashi da boko da ajami mun saba da haruffa 'yan ƙalilan waɗanda ake harhaɗawa su ba da kowace irin kalma. Sinanci ba haka yake ba. Kowane harafi gaɓa ce guda mai sautinta da ma'anarta, kalma kuwa takan zama harafi ɗaya ko biyu ko fiye. Wannan ya sa adadin haruffan ya kai dubbai. Ƙamus ɗin da aka kammala a 1716 bisa umarnin Sarki Kangxi ya tattara fiye da 47,000. Wani da aka buga a 1994, mai suna Zhonghua Zihai, ya ƙunshi fiye da 85,000. Babu mahalukin da ya san su duka, kuma babu mai buƙatar hakan, domin wanda ya riƙe 3,500 zai karanta fiye da kashi 99 cikin ɗari na abin da ke cikin jarida. Ragowar su ne Sinawa ke kira shengpizi, haruffan da ido bai saba da su ba. Suna nan kwance a tsofaffin littattafai, da sunayen ƙauyuka da tsaunuka, da sunayen itatuwan magani, da kuma sunayen mutane.

To, yaya za a cusa dubban haruffa a cikin allon madannai da aka ƙera don haruffan boko 26? Wannan tambaya ta ci wa Sinawa tuwo a ƙwarya fiye da shekara ɗari. Da wayar tangaraho ta iso ƙasar a 1871, sai aka ba kowane harafi lamba mai alƙaluma huɗu. Mai aika saƙo ya juya haruffa zuwa lambobi, mai karɓa ya sake juya su. Da tafireta ta zo, ta Sinanci ta kasance faranti mai ɗauke da haruffan ƙarfe kusan 2,500, mai bugu yana farautarsu ɗaya bayan ɗaya, sauran kuma suna cikin akwatuna a gefe, sai an buƙace su a ɗauko da hantsaki. Wahalar ta kai har wasu manyan masana, irin su Qian Xuantong da marubuci Lu Xun, suka goyi bayan a bar haruffan gaba ɗaya a koma rubutu irin na Turawa. A 1947 marubuci Lin Yutang ya fito da wata tafireta mai dabara ta daban: in ka danna maɓalli ba ta buga komai, sai ta kawo maka rukunin haruffa a wata 'yar taga, ka zaɓi wanda kake so. Na'urar ta cinye dukiyarsa kuma ba ta shiga kasuwa ba, amma dabararsa ce kowane Basine ke amfani da ita a yau.

Ga yadda abin yake. A 1958 gwamnatin Sin ta amince da pinyin, tsarin rubuta sautin Sinanci da haruffan boko, wanda Zhou Youguang ya jagoranci tsara shi. In ka buga ma a kwamfuta, sai jerin haruffa ya bayyana: akwai mai nufin uwa, da mai nufin doki, da mai nufin rama, da mai nufin zagi, duk sautinsu ma, karin murya ne ya bambanta su. Sai ka danna lambar wanda kake nufi. Manhajar tana koyon halinka, tana hasashen abin da za ka ce, har ta kai abokan karatuna na buga Sinanci da saurin da ni ban kai shi da Hausa ba. Sai dai wannan sauri yana da sharaɗi. Manhajar tana jera haruffa ne gwargwadon yawan amfani da su. Na yau da kullum a gaba, baƙon ido kuwa can a ƙurya, sai ka buɗe shafi bayan shafi. Kuma dole ka san yadda ake furta harafin, alhali abin da ya sa ake kiransa baƙo ke nan, ba kowa ya san furucinsa ba.

An samo hanyoyin kewaye wannan. Wadda ta fi burge ni ita ce ta wargaza harafi zuwa sassansa. Akwai harafin 犇, wanda aka gina shi da harafin saniya har sau uku, ana furta shi ben, ma'anarsa kuwa sheƙawa da gudu, kamar dai garke ya firgita. Wanda bai san furucinsa ba zai iya, a manhajojin Sogou da Microsoft, ya danna u sannan ya buga niu sau uku, wato saniya, saniya, saniya, sai ga shi ya fito. Ana kuma iya zana harafin da yatsa a fuskar waya. Akwai tsare-tsaren da ba ruwansu da sauti, siffa kawai suke bi, kamar Cangjie wanda Chu Bong-Foo ya ƙirƙira a Taiwan a 1976, da Wubi wanda Wang Yongmin ya fitar a 1983. Na daɗe ina wasa da waɗannan dabaru don nishaɗi, kamar mai warware kacici-kacici. Amma dukkansu suna aiki ne in harafin yana cikin na'urar tun asali. Komai ƙwarewar mai guga, ba zai ɗebo ruwan da babu shi a rijiya ba.

A aji aka koya mana cewa harafi sai ya wuce ƙofofi huɗu kafin ya rayu a duniyar kwamfuta. Ƙofa ta farko ita ce lamba. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, don haka sai wata hukuma ta zauna ta ba kowane harafi tasa. Ma'aunin farko da Sin ta fitar a 1980, GB 2312, ya ɗauki haruffa 6,763 kacal, domin a lokacin ma'ajiyar kwamfuta ƙarama ce kuma mai tsada. Duk abin da ba ya cikin jerin, a wajen na'ura babu shi. Abin bai bar manya ba. Zhu Rongji, wanda ya zama firaministan ƙasar a 1998, harafin tsakiya na sunansa ba ya cikin wannan jeri, saboda haka aka daɗe ana ganin sunansa a rubuce da wani harafi mai kama da shi, ko kuma an raba harafin gida biyu an ajiye sassan gefe da gefe. A 1995 aka faɗaɗa jerin zuwa kimanin 21,000. A gefe guda kuma ga Unicode, babban kundin da ke neman ba kowane harafi na kowane rubutu a duniya lambarsa. Ya fara da haruffan Sinanci 20,902, ya ƙara 6,582 a 1999, ya ƙara wasu 42,711 a 2001, yau sun haura 90,000.

Ƙofa ta biyu ita ce zane. Ko harafi yana da lamba, sai wani ya zauna ya zana siffarsa a cikin salon rubutun da na'urarka ke amfani da shi. In ba a zana ba, abin da za ka gani shi ne ɗan akwati fari mai kusurwa huɗu. Masu wannan sana'a suna kiran akwatin tofu, wato awara, saboda kamarsa da yankan awara, kuma sunan salon rubutun Noto na kamfanin Google an ciro shi ne daga burin a daina ganin awarar nan. Ƙofa ta uku ita ce hanyar bugawa, wadda na yi bayaninta a sama. Ta huɗu ita ce mafi wuya, wato na'urar wanda kake mu'amala da shi. Kai kana iya sabunta wayarka a daren yau, amma kwamfutar banki, da ta asibiti, da ta tashar jirgin ƙasa, da ta ofishin rajista, kowacce an kafa ta a shekararta, da ma'auninta, kuma ba a hannunka take ba.

Abokin zamana a ɗakin gwaje-gwaje, ɗan wani ƙaramin gari a arewacin lardin, shi ya nuna mini cewa ƙofofin nan ba zancen littafi ba ne. Kakansa ne ya raɗa masa suna da harafin 䶮, wanda ake furtawa yan. Harafin yana da tarihi. Liu Yan, wanda ya kafa daular Han ta Kudu a birnin Guangzhou a shekarar 917, shi ya ƙirƙire shi don kansa: ya ɗora harafin long, dabbar almaran nan da Sinawa ke ɗauka alamar mulki, a kan harafin sama. Ba shi ne farau ba. Wu Zetian, mace tilo da ta hau gadon sarautar Sin da sunan kanta, ta riga shi da harafin 曌, rana da wata a bisa sarari. Kakan abokina manomi ne, amma ya yi karatun da ya isa ya san wannan labari, kuma fatansa a fili yake: jikansa ya ɗaukaka.

Abin da tsohon bai sani ba shi ne harafin zai zo ya sami lamba biyu. Unicode ya keɓe wani fili da ya bar wa kowa ya ajiye abin da ya ga dama, kamar filin da ba a yanka wa kowa ba a bayan gari. Kafin a ba harafin 䶮 lambarsa ta dindindin, a wannan fili aka fara ajiye shi, kuma na'urori da yawa suka riƙe shi a can. Daga baya da aka ba shi lamba ta hukuma, wasu suka koma sabuwa, wasu suka zauna a tsohuwa. A ido harafi ɗaya ne, a wajen kwamfuta kuwa sun bambanta kamar Audu da Bala. Bayanan katin shaidar abokina suna ɗauke da lamba ɗaya, na bankinsa suna ɗauke da ɗayar. A rajistar layin wayarsa wani ma'aikaci da ya gaji ya rubuta YAN da boko. A wata takardar jarrabawarsa an bar gurbi an cike da biro. A ƙasar da ko mai gasa dankali a bakin titi da waya ake biyansa, kuma tikitin jirgin ƙasa sai sunanka ya dace da katin shaidarka, wannan ba ƙaramin ɗauri ba ne. Manhajar biyan kuɗi takan kwatanta sunan da ke banki da wanda ke katin shaida, in ba su zo ɗaya ba ta rufe ƙofa.

Sau uku na raka shi banki a zangon karatu guda. A zuwa na uku ma'aikaciyar, wadda ta yi iya ƙoƙarinta, ta juyo masa da fuskar kwamfutar ya gani da idonsa. Ta ce, "Ɗan makaranta, ni ma iri ɗaya nake gani, amma na'ura ta ce ba kai ba ne." Ta ƙara da cewa mutane da yawa masu irin matsalarsa sun je sun sauya suna sun huta. Da muka fito na tambaye shi me zai hana ya bi shawararta, tunda akwai haruffa da dama masu sautin yan, kuma masu kiransa ba za su ji wani bambanci ba. Ya yi shiru har muka kai bakin titi, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, kakana ya rasu ina aji uku na firamare. Gonarsa an yi hanya a kanta, gidansa an rushe. Harafin nan kaɗai ya rage a hannuna." Tsawon wannan zango, in za mu sayi wani abu a inda ba a son karɓar tsabar kuɗi, shi yakan ba ni kuɗin a hannu ni in biya da wayata. Ni baƙo, da sunana na boko, na'urorin ƙasarsa sun san ni. Shi ɗan gida sun ce ba su san shi ba.

Shi ya iya jurewa saboda matashi ne mai ilimin na'ura, ya san inda matsalar take da ofishin da zai kai ƙara. Ba kowa ke da wannan dama ba. A 2023 kafofin labaran Sin suka ɗauko labarin wasu 'yan ƙabilar Lisu a gundumar Yongsheng da ke yankin Lijiang a lardin Yunnan. Sunan zuriyarsu nia, wanda ke nufin tsuntsu a harshensu, domin tsuntsu ne tambarin danginsu. Suna rubuta shi da wani harafi mai hawa biyu, alamar tsuntsu a sama, wata alama a ƙasa. Da aka koma yin rajista da katin shaida da kwamfuta, harafin ya ƙi fitowa. Mafitar da aka samu ita ce a ɗauki sassan nan biyu a jera su gefe da gefe, wanda ya ba da harafin 鸭, harafin da kowace na'ura ta sani. Ma'anarsa agwagwa. Haka ɗaruruwan mutane suka kwana suna tsuntsaye suka wayi gari suna agwagi, kuma 'ya'yan da aka haifa bayan nan da wannan suna suka shiga makaranta. Labarin yakan ba mutum dariya a jin farko. Amma duk Bahaushen da ya san nauyin sunan gida, ya tuna yadda ake cewa wane ɗan gidan wane ne, zai gane cewa abin da aka yi wa mutanen nan ya wuce kuskuren rubutu.

Ba zan ce masu son a taƙaita haruffa ba su da hujja ba. Suna abu ne da wasu za su karanta: malamin da ke kiran sunayen ɗalibai, ma'aikaciyar jinya da ke neman majiyyaci cikin gaggawa, ɗan sandan da ke cike takarda. Sunan da ba mai iya furtawa yana wahalar da mai shi kafin ya wahalar da kowa. Japan ta daɗe da yanke hukunci a kan wannan, inda doka ta iyakance haruffan da za a iya raɗa wa jariri suna da su zuwa kimanin 3,000. Sin ma a 2013 ta fitar da jadawalin haruffa 8,105, wanda rukuninsa na uku, mai haruffa 1,605, aka tanade shi musamman don sunayen mutane da wurare da kalmomin kimiyya. Gaskiya ne kuma wasu iyaye kan tono baƙon harafi daga ƙamus don burga kawai. Sai dai akwai dalilin da ya fi burga ƙarfi. Sunayen zuriya kimanin ɗari ne suka mamaye kusan kashi 85 cikin ɗari na al'ummar da ta haura biliyan ɗaya da miliyan 400, kuma masu amsa suna Zhang Wei kaɗai sun kusa 300,000. Uban da ke son a bambanta ɗansa da dubban takwarorinsa ba shi da inda zai nufa sai ƙuryar ƙamus. Bayan haka, tsara wa jariran gobe ƙa'ida daban ne da share sunan da wani ya riga ya ɗauka shekara hamsin, ko wanda zuriya ta gada tun kaka da kakanni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan iyaka sabuwa ce. A zamanin alƙalami, magatakarda yakan rubuta duk sunan da aka faɗa masa, ko bai taɓa ganinsa ba, muddin an zana masa. A zamanin maɗaba'ar dalma, in harafi ya ɓace daga akwati akwai mai sassaƙa da zai sassaƙo sabo. Kwamfuta kuwa ta zo da jeri rufaffe, wanda mai amfani da ita ba ya iya ƙara masa komai ta yadda na'urar maƙwabcinsa za ta gane. A 1980 akwai uzurin ƙarancin ma'ajiya. A yau wayar da ke aljihun ɗan sakandare za ta iya ɗaukar dukkan haruffan da aka taɓa ba lamba ba tare da ta ji nauyi ba. Abin da ya rage tambaya ce ta wa zai biya kuɗin sabunta tsohuwar na'ura, kuma ko mutanen da abin ya shafa sun kai a damu da su. Wannan ba kwamfuta ke yanke shi ba, mutane ne a ofis.

Wani labari daga Japan ya ƙara fito mini da wannan fili. A 1978 aka tsara ma'aunin haruffan kwamfuta na ƙasar, aka tattaro haruffa daga jerin sunayen wurare da na mutane. Daga baya aka lura akwai wasu 'yan haruffa a ciki da ba wanda ya san ma'anarsu ko furucinsu, har aka yi musu laƙabi da haruffan fatalwa. Binciken da aka kammala a 1997 ya gano asalin yawancinsu. Harafin 妛, alal misali, ya samu ne lokacin da wani ya manna guntayen takarda biyu don haɗa sunan wani wuri, inuwar mahaɗar ta fito kamar layi a hoto, aka kwafe ta a matsayin ɓangaren harafin. Ɗaya daga cikinsu, 彁, ba a samo masa tabbataccen tushe ba. Duk da haka suna nan a Unicode, kowace kwamfuta a duniya tana iya buga su, domin lambar da aka riga aka bayar ba a karɓe ta. Harafin da bai taɓa zama sunan kowa ba ya sami gurbi saboda ya shiga takardar da ta dace a ranar da ta dace, mutanen Yongsheng kuwa da ransu da lafiyarsu suka rasa.

Amma ƙofar ba a kulle take har abada ba, kuma shaidar hakan tana rataye a kan titunan birnin da na zauna. Xi'an ta shahara da wata taliya mai faɗi kamar ɗamara da ake kira biangbiang. Harafin biang yana da zane fiye da hamsin, ba ya cikin ƙamus ɗin Kangxi, kuma yara kan haddace wata 'yar waƙa don tuna yadda ake jera sassansa. Shekara da shekaru masu gidajen abinci suna rubuta shi da hannu a allunan ƙofa, a takardar jerin abinci kuwa su manna hotonsa ko su rubuta sautin da boko. Akwai kwamitin masana daga Sin da Japan da Koriya da Biyetnam da wasu wurare, wanda aikinsa tantance haruffan da za su shiga Unicode. Ba ya karɓar harafi don an ce akwai shi. Sai an kawo hujja, hoton littafi ko takarda inda aka yi amfani da shi, a duba ko ba wani tsohon harafi ne ya sauya riga ba, kuma aikin kan ɗauki shekaru. Wasu suka ɗauki wannan wahala saboda harafin taliya, kuma a watan Maris na 2020 biang ya sami lambarsa a Unicode 13.0. Bayan haka Sin ta fitar da sabon ma'auni, GB 18030 na 2022, mai haruffa 87,887, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2023, kuma ya wajabta wa na'urorin hukumomi da na ayyukan jama'a su iya karɓar cikakken jerin. Doka a takarda ba ta sauya kowace kwamfuta a dare ɗaya, amma ta juya akalar nauyin: yanzu na'ura ce ake bin bashin gyara, ba mai suna ba. Kafin mu kammala karatu abokina ya samu an daidaita bayanansa, bayan takardu da zirga-zirgar da ba zan iya ƙirgawa ba, kuma da sunan da kakansa ya ba shi aka buga shaidar digirinsa.

A cikin wannan fitowa ta Unicode 13.0 da ta karɓi harafin taliyar Xi'an, akwai wasu haruffan Larabci da aka ƙara domin rubuta Hausa da Wolof da ajami. Ranar da na ga haka a takardar bayanin fitowar na daɗe ina kallonta, domin ta nuna mini cewa layi ɗaya muke bi da mutanen Yongsheng, kowa da tasa takardar a hannu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, sun daɗe da wuce ƙofar farko. Suna da lambobinsu tun farkon kafa Unicode. A sauran ƙofofin ne suke maƙalewa. Allon madannan da ake sayarwa a kasuwanninmu ba shi da su. Salon rubutu da yawa ba a zana su a ciki ba, shi ya sa mukan ga awara a tsakiyar kalma, ko harafi ɗaya ya fito da wata siffa dabam kamar baƙo a taron dangi. Takardun hukuma kuwa sukan yanke ƙugiyar ba tare da neman izini ba. Sunan mahaifina da Ɗ yake farawa, a fasfona D ne.

Bambancinmu da Sinawa shi ne tasu matsalar tana ihu, tamu kuwa shiru take yi. Na'urarsu takan ƙi mutum ƙiri-ƙiri, dole ya tashi ya nemi gyara. Tamu takan karɓe shi bayan ta rage masa wani abu, sai kowa ya ɗauka lafiya lau. Muna rubuta kasa muna nufin ƙasa, baki muna nufin baƙi, kashi muna nufin ƙashi, muna dogaro da cewa mai karatu Bahaushe ne zai gane daga zubin zance. Yau yana ganewa. Amma yaron da ke koyon karatu daga waya, da baƙon da ke koyon harshen, da manhajojin fassara da na karanta rubutu da murya waɗanda ke koyon Hausa daga abin da muka zuba a intanet, duk abin da muka ba su shi za su ɗauka. In muka shekara ashirin muna ba su Hausa marar ƙugiya, ita za su dawo mana da ita a matsayin daidai.

Ban dawo daga Sin da ra'ayin cewa kowane tsohon abu sai an adana shi ba. Harsuna na sauyawa, haruffa na mutuwa, Sinawa da kansu sun sauƙaƙa siffar haruffa fiye da dubu biyu tsakanin 1956 da 1964 don yaƙi da jahilci. Amma wancan shawara ce da al'umma ta yanke da idonta a buɗe, ko an yarda da ita ko ba a yarda ba. Sauya sunan dangi saboda wani jeri da aka rufe a 1980 ba shawarar kowa ba ce, sakaci ne da ya taru ya zama doka. Abin da ya kamata mu tsare kanmu daga gare shi ke nan.

Aikin kuwa ba ya fi ƙarfinmu. Wayoyin zamani suna da allon madannai na Hausa, sai dai a shiga saituna a kunna shi, kuma buga ƙ a maimakon k bai wuce ƙiftawar ido ba. Mu da muka karanta kimiyyar kwamfuta, in aka ba mu aikin gina rumbun bayanan makaranta ko asibiti ko ƙaramar hukuma, a hannunmu yake mu tabbatar gurbin suna yana karɓar Ɗ da Ƙ da Ɓ, kuma in an nemi Ɗanladi a same shi. Rubuce-rubucen ajami da ke ajiye a gidajen malamai a Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram suna ɗauke da alamomin da magabata suka ƙirƙiro don sautukan da Larabci ba shi da su. Duk wadda ba ta sami lamba ba tukuna, hanyar samunta a buɗe take ga wanda zai ɗauki hoton shafi, ya rubuta bayani, ya aika, ya yi haƙurin jira. Masu son harafin taliya sun yi wannan haƙuri har suka ga biyan buƙata, kuma abin da ke cikin takardun kakanninmu ya fi taliya tsada.